Ɗan Majalisar da Ya Zo Sa'alaba

Ranar nan na bi ta wani lungu a unguwar Ammariyya, nan Jidda, ina neman mai gyaran jaka, sai na ji ƙarar keken ɗinki daga cikin wani ɗan shago. Ba irin na lantarki ba, mai kukan sauro. Na ƙafa ne, irin na da, wanda zai yi gudu ya tsaya ya numfasa sannan ya sake ɗauka. Na tsaya cak a bakin ƙofa, har mai shagon, wani dattijo ɗan Yaman, ya ɗago kai ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, na wuce. Da na tsaya yi masa bayani, da mun kai magariba.

Cikin wannan ƙarar na tashi. Gidanmu a Sa'alaba irin gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, kowane ɗaki da iyalinsa. Iskar teku ta cinye fentin bangon, in ka shafa hannu sai ka ji gishiri. Da zafi kuwa tufafi ba sa bushewa a jikin mutum. A zauren gidan kakana na wajen uba yake ɗinki, muna ce masa Baba Tsoho. Matarsa, Kaka, tana suyar ƙosai da sassafe, 'yan dakon tashar jiragen ruwa su saya su haɗa da burodin tamis su wuce aiki. Abba yana cikinsu. Umma kuma tana yi wa matan unguwa kitso da lalle. Ni ce 'yar fari, kuma a lokacin da nake ba ku labari ban wuce shekara tara ko goma ba.

Baba Tsoho ba mai yawan magana ba ne, sai in an gama aikin hajji. Lokacin ne alhazan ƙasarmu ke cika Jidda suna sayayya kafin jirginsu ya tashi, wasu su kawo yadi a ɗinka musu. Duk wanda ya shigo zauren sai ya tambaye shi daga wane yanki yake. In ya ji an ambaci wani gari kusa da nasu, sai ya ɗauke ƙafa daga kan keken, ya cire gilashi, ya ce, "Wa ke kan kujerarmu yanzu?"

Na daɗe ina zaton kujera ce ta katako da wani ya are bai mayar ba. Kaka ce ta warware mini, wata rana muna tsintar wake.

Ta ce a can gida, garinsu da ƙauyukan da ke kewaye da shi, tun daga bakin kogi har gindin dutsen gabas, mazaɓa ɗaya ce, mutum ɗaya take turawa majalisa. Zaɓen farko ba a ga akwati ba. Masu biyan haraji suka taru suka tsayar da wasu, waɗannan suka je suka tsayar da wasu, aka wayi gari aka ce wane ne ya samu. Wanen nan ɗan babban gida ne, ya yi boko, kuma sa'an Baba Tsoho ne, tabarma ɗaya suka zauna a makarantar allo. A zaɓe na biyu aka kawo akwatuna, kowane ɗan takara da nasa a bayan zana, da alamar jam'iyyarsa a jiki. 'Yan adawa suka rasa mai tsayawa, kowa yana tsoron abin da zai biyo baya. Sai tela ya ce shi zai tsaya. Ya ɗinka tutocinsa da hannunsa, ya hau keke ya bi ƙauye ƙauye. Da aka ƙirga aka ce ya faɗi. Shi kuwa har ya bar duniya bai yarda ba. Ya ce akwatunan ƙauyukan bakin kogi sun kwana a hanya, kuma ba yadda suka taso suka iso ba.

Zaɓe na uku ma ba a yi shi ba. Ranar da zai kai sunansa aka kama shi, wai ya tara jama'a ba izini. Kafin a sake shi an rufe karɓar suna, aka ce wancan ya wuce ba hamayya. Da ya fito, wani mai ƙaunarsa ya raɗa masa cewa kamu na gaba ba na fitowa ba ne. Ya bar wa ƙanensa gona, ya kwance kan keken ɗinki ya naɗe a bargo, ya ce hajji za shi. Shekaru suka yi a hanya, su tsaya a gari ya yi ɗinki, su ƙara gaba, har suka tsallako ruwa suka sauka a wannan tashar da Abba ya girma yana dako a cikinta.

"Mu mata ko ƙuri'ar ba a ba mu ba a lokacin," in ji Kaka. "Amma ni na goya ubanki har bakin teku saboda ita."

Alhazai sun yi ta kawo labari shekara bayan shekara, kowa da guntunsa. Wani ya ce sojoji sun rufe majalisa. Baba Tsoho ya ce rufewa ce, za a buɗe. Wani ya ce an dawo da siyasa amma an haɗe su da maƙwabta. Ya ce wannan alhajin bai san yankin ba. Abu ɗaya ya zauna masa a rai: mutumin nan yana raye, yana da ƙarfi, kuma bai manta da shi ba. Bai taɓa kiran sunansa a gabanmu ba, sai dai Ɗan Majalisa. Ya hana a aika saƙo garin, ya hana Abba ko maganar zuwa. Yakan ce duk wanda ya shiga garin nan da sunansa, ya shiga da igiya a wuya.

To, Abba ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Yana goye ya shigo, takardun tafiyar kuma sun lalace tun kafin a haife ni. Haka yake aiki, yana kaffa-kaffa, kamar mutane da yawa a unguwarmu. Wata rana da tsakiyar zafi, wani abokin aikinsa ya shigo da kwanon abincin Abba a hannu, ko buɗe shi ba a yi ba. Ya ce an yi kame a bakin ƙofar tasha, an tafi da shi. Bayan wasu makonni muka ji an yi musu tarhil, wato an sa su a jirgi an mayar da su ƙasarmu.

Ku duba mutumin da aka mayar. Bai san kowa a can ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Ba abin da ya mallaka sai rigar jikinsa da sunan gari ɗaya da ya ji a bakin iyayensa. Duk gidan mun san inda zai nufa, don ba shi da wani wurin. Baba Tsoho ya fi kowa sani. Ya daina karɓar ɗinki. Ya kan zauna a zaure ya zuba wa ƙofa ido, in an kawo abinci ya taɓa ya ture. Sau ɗaya na ji yana ce wa Kaka, "Ni na ja masa. Da bakinsa zai faɗi ko ɗan wane ne."

Ba waya a gidanmu. Akwai ta mai shagon kan kwana, wadda ake kiran 'yan unguwa ta cikinta, kuma Abba ya san lambar. Nan na mayar wurin zamana. Da na dawo daga makarantar malama sai in tafi in zauna a kan buhun shinkafa, duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi. Mai shagon ya gaji da ce mini, "Yalla ya binti, tafi gida, in ya kira ni da kaina zan zo." Ban san cewa a garin da Abba yake ko wayar babu ba. Ruwan da ake yi sau ɗaya a shekara ya zo ya cika lunguna, ya janye ya bar wari da sauro. Azumi ya zo, salla ta wuce, ƙannena suka sa tsofaffin kaya don ba wanda ya yi musu ɗinki. Umma tana yi wa mata lalle tana dariya da su, in sun fita ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ni kuma na fara manta muryarsa, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Da aka sauko daga hajjin shekarar, wata maƙwabciyarmu mai kai abinci masaukin alhazai ta shigo da hantsi mayafinta a hannu. Ta ce akwai wani tsoho da ke ta tambayar tela ɗan gari kaza, ya ce shi tsohon ɗan majalisar yankin ne, kuma har an kwatanta masa Sa'alaba.

Gidan ya rikice. Umma ta ce tona mu ya zo yi, a kwashe mu gaba ɗaya, tunda ba mai takarda a cikinmu. Kaka ta fara ɗaure kaya, ta ce a kai Baba Tsoho wurin wasu 'yan garinsu a Ammariyya har alhazai su watse. Maƙwabta kowa da shawararsa. Baba Tsoho ya bari suka gama, sannan ya ce, "Na gudu sau ɗaya, ga inda ya kai ni. Halas, ya isa haka. In ya san inda ɗana yake, ko gawarsa ce, gara in ji." Ya sa aka ciro masa babbar rigarsa daga ƙasan akwati, tana warin kafur. Ya yi aski, ya zauna a zaure yana jira.

Ni a raina na riga na zana mutumin: dogo, ƙato, da 'yan sanda a bayansa. Shi ya sa da la'asar ɗin da ya zo ban gane shi ba. Ina zaune a dokin ƙofa na ga wani ɗan tsoho yana tahowa da sanda, wani alhaji matashi yana riƙe da gwiwar hannunsa. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga sosai, ido ɗaya ya yi fari. Ya tsaya yana haki. Ya dube ni da idon mai kyau, ya dubi wushiryata, sai ya kira ni da wani suna. Sunan wasa ne da Abba kaɗai ke kirana da shi, ko Umma ba ta amfani da shi.



Ya ce, "Ke ce, ko? Ya ce in na ga mai wushirya a bakin ƙofa ba sai na yi tambaya ba. Ubanki yana gaishe ki. Lafiyarsa ƙalau, a gidana yake."

Ban san yadda na kai tsakar gida ba. Ina ihu da Hausa da Larabci a haɗe, ba wanda ya gane abin da nake faɗa sai Umma. Nan inda take tsaye ta faɗi ta yi sujada a kan simintin da rana ta gasa. Kaka ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, tana ta cewa alhamdu lillahi, hawaye na bin kumatunta. Ƙannena suka ga ana kuka suka kama nasu. Na ji wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka, har sai da na ji yunwa, irin wadda ban ji ba tun ranar da aka kawo kwanon nan.

Na koma zaure, ba wanda ya kore ni. Baƙon ya yi sallama, Baba Tsoho ya amsa bai tashi ba. Suka daɗe suna kallon juna.

Baba Tsoho ya ce, "A gidanka, ka ce?"

"A gidana."

"A ɗaure?"

"Da tuwo da miyar kuka, e. Har ya yi kumatu."

Baƙon ya nemi wuri ya zauna a kan tabarma da ƙyar. Ya ce Abba ya sauka daga motar kaya ranar kasuwa, yana tambayar gidan ƙanen mahaifinsa. Wannan ya rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun watsu birni. Yara suka ga baƙo mai baƙuwar Hausa, suka kai shi wurin tsohon da ke zama a gindin darbejiyar masallaci, wato shi Ɗan Majalisa, don shi ya san mutanen da. "Kafin ya buɗe baki na ce ga tela ya dawo saurayi. Da ya faɗi sunanka sai da ya waiwaya, kamar mai jiran duka. Na ce wa ya tsorata yaron nan haka? Ashe ni ne." Ya ce yanzu Abba yana taya ɗan shi Ɗan Majalisa aiki a injin niƙa, kuma ana kan nema masa fasfo don ya dawo wurin iyalinsa ta ƙofar gaba.

Baba Tsoho ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, abin da ya fito daga bakinsa shi ne tambayarsa ta kullum.

Baƙon ya ce, "Wace kujera?"

Sai ya jero masa yadda aka yi. Sojoji suka rufe majalisa, ya koma gida da akwatinsa. Da aka dawo siyasa an haɗe mazaɓar da ta maƙwabta, ya sake tsayawa, wani malamin makaranta wanda shi ya halarci sunansa ya kayar da shi, ko a unguwarsu bai ci ba. Sojoji suka sake dawowa. Daga baya aka yanka sababbin ƙananan hukumomi, aka bi kogi da layi. Ƙauyukan bakin ruwa suka koma wani wuri, gari da dutse suka koma wani, sunan mazaɓar ya fita daga takarda. "Abin da muka yi rigima a kansa babu shi, tela. In na ce wa yara ni ɗan majalisa ne sai su ce na ina? Duk waɗanda suka sani sun mutu. Kai kaɗai ka rage da zan faɗa wa ya gane."

Can Baba Tsoho ya ce, "Akwatunan bakin kogi fa?"

"Ban taɓa akwati da hannuna ba. An kawo mini sakamako na karɓa, ban yi tambaya ba."

"Kamun fa?"

"Wannan na sani. Ban sa ba, ban kuma hana ba."

Na zuba ido ina jiran abin da zai faru. Baba Tsoho ya ce, "To." Ya juyo ya ce in je in ce a kawo shayi da na'ana'a.

Kafin shayin ya huce sun koma ƙauye ƙauye. Wannan ya ce ƙauyen masunta nasa ne kaf, wancan ya ce ƙarya ne, maigarinsu a hannunsa yake. Suka tuna ranar da tayar keken Baba Tsoho ta fashe ya shiga taro da ƙafa, ƙaya cike da wandonsa. Suka tuna maroƙin da ke yi wa kowannensu kirari iri ɗaya, sai dai ya canza suna. Duk wanda aka ambata sai ɗaya ya ce Allah ya jiƙansa, ɗaya ya ce amin. Ban taɓa jin kakana ya yi dariya har da tari ba sai ranar. Kaka ta aiko da shinkafa da kifi, amma ba ta fito ba. Da baƙon zai tafi ya tsaya ya gaishe ta ta bayan labule. Ta ce, "Alhaji, tafiyar da na yi da goyo ban manta ba. Amma ɗana da ka riƙe, Allah ya saka maka." Ya ce, "Na karɓi duka biyun, Hajiya."

Abba bai dawo ba sai bayan fiye da shekara, amma wannan jiran mai sauƙi ne, don mun san inda yake kwana. Ya dawo da fasfo, wani mai sayar da kayan gini ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa, ya samu iƙama, daga baya mu ma aka gyara mana. Ya zo da kuka da daddawa da Hausar da ta fi tamu. Ya kuma zo da labarin da Baba Tsoho ya sa ya maimaita har muka haddace. An yi zaɓen ƙaramar hukuma yana can, irin wanda ake yin layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga mutane a fili. Mai masaukinsa ya shiga layi ɗaya, Abba ya duba ya shiga ɗayan. Tsohon ya hango shi ya ɗaga masa sanda, ya ce, "Jini ba ya ɓuya!" Da aka gama suka koma gida tare suka ci tuwo a kwano ɗaya.

Baba Tsoho bai koma gida ba. Ya ce gwiwoyinsa ba za su iya ba, kuma waɗanda zai je gani suna maƙabarta. Amma barcinsa ya dawo, ya kan aika gaisuwa garin da bakin duk alhajin da ya samu, yana tambayar damina da wanda ya haihu. A nan Jidda aka binne shi. Ɗan Majalisa ya riga shi da ɗan lokaci, kuma da labarin ya iso, kakana ne ya tara maƙwabta aka yi masa addu'a a zaure.

Yanzu gidan Sa'alaba babu shi, an share wurin. Muna zaune a bene can arewacin gari, inda ba ka sanin mai ƙofar da ke kallon taka. Labarin zaɓen ƙasarmu yana iso mini a waya kafin a gama ƙirga, ba sai an jira alhazai ba, ni kuwa ban taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwata. Ina yawan tunanin shekarun da kakana ya yi yana tsoron mutumin da tuni ya koma zaman gindin bishiya. Da a yau ne, kira ɗaya ya isa.

Akwai jikar Ɗan Majalisa, sa'ata ce, muna aika wa juna saƙon murya kusan kullum. Ta zo umara ta sauka a wurina, 'yarta ta fari kuma sunan Kaka aka sa mata. Kwanan baya ɗana na ƙarami, wanda ke jin Hausa amma da Larabci yake amsawa, ya ji muna hira da ita a waya ya tambaye ni mene ne haɗinmu da su. Na buɗe baki zan fara daga bakin kogi, na ga yana sauri, abokansa na jira a ƙasa. Na ce masa 'yan uwan kakanka ne. Ya ce, "Tayyib," ya karɓi wayar ya gaishe ta da Hausarsa mai gargada, ya kira ta Gwaggo.